Yadda za ka fara kiwon kajin ƙwai a gida, muzuru da tunku ba su gama maka da su ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da ƙwai ya yi tsada a suk, wato kasuwa, mutane ke ta tambayata yadda ake fara kiwon kaji masu ƙwai a cikin gida, daga nan Gadarif a Sudan, daga Mai Wurno da Sinja, har da 'yan uwanmu na Damazin da Kasala, kuma kusan tambayar iri ɗaya ce: wace kaza zan saya, nawa zan kashe, me zan ba su. Kaɗan ne ke tambayar inda kajin za su kwana, alhali a nan ne mafi yawan asara take faruwa. Toh ga shi na jera muku daki-daki, kuma dan Allah a bi jerin yadda yake. Kar a sayo kaza ko ɗaya sai ɗakinsu ya kammala har da sakata.

1. Wace kaza, kuma guda nawa

Iri biyu ne a gabanka. Akwai baladi, kajinmu na gida da kowa ya sani, suna jure zafi, suna kiwo da kansu, suna kwanci su ƙyanƙyashe, amma ƙwansu kaɗan ne, wajen 40 zuwa 60 a shekara in an bar su da tsince-tsince. Akwai kuma kajin gona irin su Hisex, Bovans, Lohmann da Hy-Line, waɗannan suna fara ƙwai a sati 18 zuwa 20 kuma kaza ɗaya za ta iya ba ka 280 zuwa 300 a shekarar farko, amma fa da sharaɗi, sai ta samu haɗaɗɗen abinci kullum ba fashi. Ranar da abinci ya yanke ƙwai ma zai yanke, kuma ba ya dawowa da wuri.

Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah, akwai inda zan riƙa samun abincin kaji kusa da ni duk wata? In amsar eh ce, ɗauki na gona, kuma a wannan zafin namu farare sun fi min jajaye saboda jikinsu bai kai nauyi ba, cinsu ma bai kai ba. In kana hilla, wato ƙauye, mai nisa wadda hanya ke yankewa da damina, tsaya kan baladi ka gyara musu ci da kwana, za ka ga bambanci.

Yawa kuma, 15 zuwa 20 sun isa mai farawa. Duk lissafin da ke ƙasa na kaji 20 ne.

Wata tambaya da mata ke yawan yi: Hajiya, ba sai da zakara kaza ke yin ƙwai ba. Zakara na mai son ƙyanƙyasa ne, shi ma ɗaya ya ishi kaji 10. Kajin gona kuwa da wuya su yi kwanci, kar ki zauna jiran su ba ki 'yan tsaki.

2. Wuri

Nemi tudu a cikin hosh, wato tsakar gida, inda ruwa ba ya kwanciya da damina. In akwai inuwar darbejiya ya yi kyau, sai dai a sare duk reshen da ya sauko kan rufi, ta nan muzuru ke dirowa. A nisanta ɗakin da tarin itace, tarin kara, tsoffin bulo da juji, waɗannan su ne masaukin ɓera da maciji. Kuma kar ka jingina ɗakin da katangar waje, ka bar tazarar da mutum zai iya zagayawa ta ko'ina, don abin da ba ka iya zagayawa ba za ka ga ramin da aka haƙa a bayansa ba. Ya kasance kuma kusa da inda ake kwana, yadda in kaji suka yi kuka da dare za a ji.

3. Ginin ɗaki

Nan ne za ka kashe kuɗi, kuma nan ne ya kamata ka kashe su. In kuɗinka na kaji 20 da ɗaki mara kyau ne, gara ka sayi 12 ka gyara ɗakin.

Girma: mita 3 tsawo, mita 2 faɗi, tsayi mita 2 zuwa 2 da rabi yadda za ka shiga a tsaye kuma zafin rufi ya yi nesa da su. Littattafai suna yarda da kaji 5 ko 6 a murabba'in mita ɗaya, amma a zafin Afrilu da Mayu na nan ni ba na son a wuce 4. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, sai gajerun ɓangarorin biyu, na gabas da na yamma, a toshe su da bulo har sama saboda rana, dogayen biyu na kudu da arewa su zama na raga don iska ta ratsa.

Tushe: a haƙa santimita 40 zuwa 50 a zagaye, a cika da jan bulo ko dutse da siminti. Wannan shi ke tare kare da dila da yanyawa, don su ba sa wahalar da kansu da bango, gindi suke haƙawa. In ba halin tushe, a ɗauki ragar waya a shimfiɗa ta kwance a ƙasa daga gindin bango zuwa waje kamar santimita 45, a ɗaure ta da bangon, a rufe da ƙasa da duwatsu. Dabba za ta zo daidai gindin bango ta fara tono ta ci karo da waya, ba ta da dabarar ja da baya ta fara daga nesa.

Daɓe: a yi na siminti ko da siriri ne. Mutanen Gadarif da Jazira da bakin kogi wajen Sinnar ku kula da wannan sosai, baƙar ƙasarmu ta laka tana darewa da rani, wani tsagin ma hannu zai shige, kuma tsagin nan yana bi ta ƙarƙashin bango ya ɓullo a tsakiyar ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, toh mu a nan ƙasar ce ke tsagewa. Kafin a zuba siminti a fara zuba yashi da tsakuwa a daddanna, in ba haka ba daɓen ma zai fashe in ƙasa ta motsa. Daɓen ya fi ƙasar waje tudu da kamar taki ɗaya saboda ruwan harif, wato damina.

Bango da raga: a dogayen ɓangarorin a ɗaga bulo rabin mita, daga nan raga har rufi. Gargaɗi babba a nan. Siririyar wayar nan mai ido shida da ake ce wa ta kaji, aikinta hana kaji fita ne kawai, kare yana yaga ta, tunku yana buɗa ta, ɓera da ƙaramin maciji suna wucewa ta idonta. Wadda ake so ita ce mai kauri, mai ido murabba'i da aka yi wa walda, idon kar ya wuce santimita 1 da ɗan kai, wato rabin inci. Ka gwada a shago, in babban yatsanka ya shige idon a sake toh ya yi faɗi. Wajen murabba'in mita 9 zuwa 12 za ka buƙata, ka ƙara kaɗan na ƙofa. Wajen kafawa kar a dogara da lanƙwasa ƙusa kawai, a ɗora siririn katako ko ƙarfe a kan bakin ragar a buga, yadda ba inda za a ja ta ɓalle.

Rufi: zinki shi ne mai hana shiga, amma yana dafa kaji da rana. Sai a ɗora masa ciyawa ko kara ko zana a sama, ko a yi masa rakuba, wato rumfa, a kai da ɗan sarari tsakani. Rufin ciyawa zalla yana da sanyi amma muzuru da ɓera suna huda shi, in shi za ka yi toh ka shimfiɗa raga a ƙarƙashinsa. Bakin rufi ya zarce bango da santimita 60 ko fi saboda feshin ruwa da rana. Sannan abin da kusan kowa ke mantawa, ƙananan ramukan nan da ke tsakanin lanƙwasar zinki da saman bango, a cike su da siminti ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa: ta zauna daf da dokinta, a yi mata dandamalin siminti a ƙasa don kar a samu sarari. Sakata biyu, sama da ƙasa, da kwado. Ƙofar da aka tokare da dutse ko aka ɗaure da igiya ba a rufe take ba.

In an gama, ga gwajin da nake so kowa ya yi. Da tsakar rana ka shiga ka rufe ƙofa ka duƙa ka bi gindin bango da kusurwoyi da saman bango da ido, duk inda haske ya shigo ta wurin da ba raga ba, toshe shi. Da dare kuma ka ajiye tocila a kunne a ciki ka zagaya ta waje.

Filin shan iska: in da hali a kewaye musu mita 3 da 4 a jikin ɗakin, a nan wayar kaji mai araha ta wadatar tun da na rana ne, amma a rufe samansa da raga ko tsohuwar komar kamun kifi saboda shirwa.

4. Gane ɓarawon daga abin da ya bari

In ka wayi gari da asara kar ka yi saurin share wurin, tsaya ka duba, don kowane maƙiyi da irin aikinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

In kaji da yawa ne suka mutu a dare ɗaya, cizo a kai ko wuya, gawarwakin suna nan ba a ci ba sai ɗan kaɗan, wannan aikin tunku ne da danginsa. Jikinsu siriri ne, ƙaramar kafa ta ishe su, saboda haka ka koma kan raga da ƙasan ƙofa da saman bango. Kuma ka sani zai dawo a daren gobe, ranar za a gyara, ba jibi ba.

In kaza ɗaya ce aka ja gefe aka cinye tsoka aka bar fiffike da ƙafafu, muzuru ne ko kyanwar daji, ta sama suka fi shigowa. In kazar ta ɓace gaba ɗaya sai ɗan gashi da rami a gindin bango, dila ne ko yanyawa, sun fi zuwa da asuba da bayan magariba, musamman gidajen bakin hilla. Kare kuma ɓarna yake yi, zai kashe da yawa ya warwatsa su, raga a yage, gashi ko'ina, sau da yawa bai ci komai ba, kuma shi ko da rana tsaka yana zuwa.

Shirwa da shaho na rana ne, 'yan tsaki da ƙananan kaji suke sura. Hankaka yana fasa ƙwan da aka yi a waje yana ɗaukar tsako. Maganinsu duka rufin raga, in kuma sake kake yi toh a samu wurin ɓuya a tsakar gida, ko tsohon gado ne ko 'yar rumfa gajera, inda za su ruga in zakara ya yi gargaɗi. Tsako kar ya fita fili sai ya kai sati 6 zuwa 8.

In ƙwai ne ke raguwa babu ɓawo babu alama, ka yi zargin maciji, ko guza in kana kusa da kogi ko tur'ar ban ruwa. A nan a kula da rai kafin kaza: kar ka zura hannu cikin akwatin ƙwai ko ƙarƙashin buhu ba ka leƙa ba, kuma a hana yara ɗebo ƙwai da duhu ba tocila. Gamsheƙa tana feshin dafi a ido daga nesa, in ya faru a wanke idon da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti, kar a tsaya ɗiga wani abu. Abin da ke kawo maciji galibi ɓera ne, ka kori ɓera ka rage maciji.

Shi ɓera da gafiya abinci ke kiransu. Suna cin abincin kaji da dare, suna kashe 'yan tsaki, suna gwaguyar ƙafar kaza tana barci. A ajiye buhu a cikin barmil, wato ganga, mai murfi, a ɗauke mazubin abinci da dare ko a rataye shi, a share wanda ya zube. Dan Allah kar a barbaɗa maganin ɓera a inda kaji ke kaiwa, kuma ɓeran da ya ci guba ya fito ya mutu a fili kaji za su caccake shi su ma su tafi, ga kyanwar gida ga yara. Tarko ya fi, a sa shi cikin akwati ko bututu mai ƙaramar kafa a jikin bango ta waje.

In ka ga ɓawo a fashe da ƙwanduwa a bakin kaji, ɓarawon na cikin gida ne, kajin ke shan ƙwansu. Ka duba mataki na 5 da na 7. In kuwa ba gashi ba jini ba rami kuma manyan ne suka tafi, toh mai ƙafa biyu ne, sai kwado mai kyau da fitilar sola a bakin ƙofa.

5. Kayan ciki

Shimfiɗa: ɓawon gyaɗa ko dusar katako ko yankakkiyar ciyawa busasshiya, kauri santimita 5 zuwa 8. Ɓawon gyaɗa yana da sauƙin samu a wajenmu, sai dai a tabbata bai yi fumfuna ba. A riƙa juya ta, inda ya jiƙe a kwashe. In ka shiga ka ji wari yana yaji a ido toh ta wuce lokacin canji, kuma wadda aka kwashe taki ne mai kyau, masu lambu suna saya.

Akwatin ƙwai: ɗaya ga kaji 4 ko 5, wato guda 4 ko 5 ke nan, kowane santimita 30 ta ko'ina. Tsohuwar jarka da aka yanke gefe aka wanke tas tana yi. A sa su a ɓangaren da ya fi duhu, a ɗaga daga ƙasa kamar rabin mita, a zuba ciyawa mai laushi. Akwati mai haske mara shimfiɗa shi ke sa ƙwai ya fashe, daga nan kaza ta ɗanɗana ta koya.

Sandar kwana: santimita 20 zuwa 25 ga kowace kaza, mita 4 zuwa 5 ke nan, sai a raba biyu. Ta fi akwatin ƙwai tudu don kar su kwana a ciki su ɓata shi, kuma a janye ta daga jikin raga kamar taki biyu, saboda akwai dabbar da ke kamo kaza ta cikin raga tana barci.

Mazubin abinci biyu, na ruwa biyu, a rataye daidai tsayin bayan kaza. A kusurwa a ajiye kwano mai faɗi da yashi da toka don wankan ƙura.

Kafin kaji su shigo a shafe bango da farar ƙasa a cike duk wani tsagi. Akwai kaskar kaji da ke ɓuya a tsagin bango da na katako da rana, ta fito da dare ta sha jini, tana kuma sa musu zazzaɓin da ke kashewa. Da rana ba za ka gan ta a jikin kaza ba, sai ka haska tsagin sanda da tocila da dare.

6. Sayo kajin

Shawarata ga mai farawa: sayi 'yan matan kaji masu sati 14 zuwa 16 daga gonar da aka sani, ka nemi a faɗa maka rigakafin da aka yi musu da ranakunsa. Sun fi tsako tsada nesa, amma an wuce maka lokacin da aka fi mutuwa. Tsako daga kwana ɗaya zuwa fara ƙwai zai ci kilo 6 zuwa 7 ba tare da ya ba ka komai ba, ka sa wannan a lissafi kafin ka ce tsako ya fi araha.

A kula da masu sayar da tsoffin kajin gona da suka gama shekararsu a ce maka sabbi ne. Budurwar kaza gashinta sumul yake, ƙafarta santsi, zankonta bai gama girma ba. Tsohuwa gashin wuya da na baya a tsige, ɓawon ƙafa kaushi, farce dogo. Ka duba ido ya zama garau, hanci ba majina, ƙasan wutsiya ba kashi a manne.

A ɗauko su da sassafe ko da yamma cikin keji mai iska, kar a cusa su a buhu ko a ɗaure ƙafa a rataya a bayan mota cikin rana. Suna isowa ruwa za a fara ba su mai ɗan sukari ko bitamin, abinci bayan awa ɗaya ko biyu. A kulle su a ɗaki kwana 5 zuwa 7 su san nan ne gida. In da wasu kaji a gidan, sabbin su yi sati biyu a ware.

Wanda ya nace sai tsako: zagaye na kwali, fitila ko tukunyar gawayi mai murfi, ɗumi wajen digiri 33 zuwa 35 a satin farko a riƙa ragewa kamar 3 duk sati. Su za su nuna maka, in sun cunkushe a jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su da hayaƙin da ba a gani, a bar kafar iska.

7. Abinci, ruwa da lissafi

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 20 kilo 2 da ɗan kai ke nan, buhu mai kilo 50 zai yi musu sati 3. A sati ukun nan, in 16 cikin 20 suna yi kullum, za ka tara ƙwai 336, wato tabak (tiren ƙwai) 11 na 30-30 da 'yan kai. Tun da yaƙi ya fara a Afrilun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka lissafin da zai yi maka amfani shi ne wannan: je suk ka tambayi kuɗin buhu ɗaya yau da kuɗin tabak 11 yau, abin da ke tsakani daga ciki za ka cire magani da shimfiɗa da kuɗin kajin da na gini. Abinci shi kaɗai yakan cinye wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa. In tazarar ta yi ƙanƙanta, ka haɗa abincin da kanka lokacin kaka da dawa ke araha.

Ga haɗin da ake yi da kayan nan gida, a kilo 100: dawar feterita ɓarzajjiya kilo 60, ombaz wato tunkuza na gyaɗa 17, radda wato dusar alkama 9, murakkaz wato haɗin gina jiki na kamfani na kajin ƙwai 5, garin sadaf wato ɓawon kawa ko dutsen farar ƙasa na abincin kaji kusan 9, gishiri giram 300. Ka karanta jikin buhun murakkaz, wani da gishirinsa a ciki kuma yana faɗin adadin da za a sa. A fara cakuɗa ƙananan kayan da ɗan dusa sannan a juye cikin babban tari a juya sosai.

Gargaɗi uku a nan. Ombaz da ya yi danshi ko ɗaci ko kore-kore a zubar, gubar fumfunar gyaɗa tana lalata hanta tana yanke ƙwai. Ombaz na riɗi yana da yawa a Gadarif kuma yana da kyau, amma a haɗa shi da na gyaɗa, kar ya zama shi kaɗai. Na ƙwayar auduga kuma a bar wa shanu, yana ɓata launin ƙwanduwa. Jar dawa mai ɗaci ma ba ta kai fara ba wajen kaji.

Sadaf ɗin nan kar a raina shi, da shi kaza ke gina ɓawo. In ya yi kaɗan za ka ga ƙwai mai laushi, kaza ta gurgunce, ko su fara shan ƙwai. Amma 'yan mata da ba su kusa fara ƙwai ba kar a ba su wannan haɗin mai sadaf da yawa sai wajen sati 17 zuwa 18. Dawa zalla kuma tana sa ƙwanduwa ta yi fari, sai a rataya musu ciyawar barsim ko zogale ko ganyen jirjir kullum.

Ruwa ninki biyu na abinci suke sha, da zafi ya kai ninki uku ko huɗu, ka shirya wa kaji 20 lita 8 zuwa 10 a rana. Yini ɗaya ba ruwa zai iya tsayar da ƙwai na kwanaki.

8. Zafi da haske

Daga Maris zuwa Yuni zafi yana kashe kajin gona fiye da muzuru. In ka ga baki a buɗe, fiffike a sake, suna haki, toh sun matsu. A ba da abinci da asuba da bayan la'asar, tsakar rana a ɗauke. Ruwan zir, wato randa, mai sanyi a canja sau uku. A jiƙa buhun garara a rataya a ɓangaren da iska ke shigowa, a yayyafa wa rufi ruwa, amma kar a jiƙa shimfiɗa. Kar a kama su ko a yi rigakafi da rana. Da sanyi da ranar habub, wato guguwar ƙura, a sauke labulen buhu a ɓangaren iskar, a bar sama a buɗe.

Kaza tana son haske awa 15 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai sosai, ranarmu kuma wajen awa 12 ce. Ƙaramar fitilar sola ta wadatar, a kunna daga magariba zuwa wajen ƙarfe 9 ko 10, lokaci ɗaya kullum. Kar a fara ƙarin hasken kafin sati 17 zuwa 18, in ta fara ƙwai jikinta bai ƙosa ba mahaifa na iya fitowa. A riƙa ƙara rabin awa duk sati har a kai.

9. Rigakafi

Cutar da ke share gida gaba ɗaya ita ce Niyukasil, mai koren zawo da karkatar wuya da numfashi da ƙyar. Ba ta da magani, kafso da barkono da ake ɗura musu ba sa yin komai, rigakafi ne kawai. Ana yi wa tsako a satin farko, a maimaita wajen sati 3, daga nan duk wata 2 zuwa 3, har baladi. Na cutar Gumboro wajen sati 2 a maimaita bayan sati ɗaya ko kwana 10. Na ƙurajen fuska da zanko wajen sati 6 zuwa 8, a fatar fiffike ake soka shi. Ka je wajen likitan dabbobi na yankinku ya tsara maka ranakun bisa abin da ke yawo a wurin.

Maganin rigakafi yana mutuwa in ya yi zafi, kuma ga yadda wutar lantarki take yanzu. Saya inda ka ga firij na aiki, ɗauko cikin fulas da ƙanƙara, yi amfani da shi ranar. Kwalba ɗaya ta kaji ɗaruruwa ce, ku haɗu da maƙwabta ku yi rana ɗaya. Na ruwa: a hana su sha awa ɗaya zuwa biyu da sassafe, a haɗa da ruwan da ba kulorin, a roba ba ƙarfe ba, su shanye cikin awa biyu. Kazar da ba ta da lafiya ba a yi mata.

Wadda ta kwanta a ware ta nan take. Wadda ta mutu a binne da zurfi ko a ƙone, jefa ta bayan katanga kiran kare da dila ne zuwa gidanka. In an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tambayi likita kwana nawa za a daina ci da sayar da ƙwan.

10. Aikin kullum

Da asuba: zagaya ɗakin ta waje kafin ka buɗe, duba sawu da tono, wanke mazubin ruwa, zuba abinci. Ƙwai a ɗebe sau biyu ko uku, yawanci kafin azahar sun gama. Kar a wanke shi, a goge da busasshen ƙyalle, a jera a tabak tsinin yana ƙasa, a ajiye kusa da zir inda ya fi sanyi, kuma da zafi kar ya wuce 'yan kwanaki ba a sayar ba. In sake su kake yi, bari sai bayan la'asar lokacin sun gama ƙwai kuma akwai mutum a tsakar gida.

Da magariba a ƙirga su a kan sanda, a leƙa kusurwoyi da akwatuna da tocila don kar a kulle su tare da abin da ya riga ya shiga, sannan sakata biyu da kwado. A ɗora wa mutum ɗaya takamaimai wannan aikin, don ranar biki ko rasuwa da kowa ke zaton wani ya rufe ita ce ranar da ake kwana a buɗe.

Ka samu ɗan littafi kana rubuta ƙwan kowace rana da ranar da aka buɗe buhu. In ƙwai ya faɗi kwatsam ka bi su ɗaya-ɗaya: ruwa, canjin abinci, zafi, haske, kaska, ko wani abu na firgita su da dare ko da bai samu shiga ba. Duk wata kuma ka kama su da dare ka gwada, mai ƙwai zankonta ja ne mai taushi kuma yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin ƙasusuwan da ke gefen duburarta, wadda ta daina zankon ya yamushe yatsa ɗaya ne ke shiga. Irin wannan a ware ta sati ɗaya a tabbatar, sannan a yanka ko a sayar. In sun yi wajen shekara ɗaya suna ƙwai za ka ga adadin na sauka, ka sayo sabbin 'yan mata wata ɗaya ko biyu kafin ka fitar da tsoffin, a wani keɓaɓɓen wuri, kuma ɗakin a kwashe shimfiɗa a wanke a sake shafa farar ƙasa ya huta sati biyu kafin sabbin su shiga.